An Ɗauke Wuta, Rauta Ta Manta Saitinta: Ina Matsalar Take?

A ƙarshen watan Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewacin Najeriya sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan layin wuta na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala a daidai lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ke kwance saboda ɓarnar da aka yi masa. A wannan shekarar kaɗai, babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe fiye da sau goma. A Nijar kuwa, daga watan Agustan 2023 da Najeriya ta katse wutar da take ba ta har zuwa Maris na 2024, Yamai da Maraɗi da Damagaram sun sha karɓa-karɓar wuta.

Duk lokacin da aka shiga irin wannan hali, akwai ƙorafin da ke biyo bayan dawowar wuta a shagunan intanet, da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, da otal-otal, da ƙananan ofisoshi: fitilun rauta, wato na'urar da ke raba intanet, sun kama, amma babu intanet, ko sunan Wi-Fi ya sauya, ko kwamfutocin ofis sun daina ganin juna. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, shaguna biyu na iya zama a layi ɗaya, taransifoma ɗaya ke ba su wuta, a ɗauke musu lokaci guda, amma rautar wannan ta dawo lafiya lau, ta wancan kuma ta tashi kamar yau aka ciro ta daga kwali. Nan take sai a ce "NEPA ta goge saiti", a kira injiniya, a biya shi ya sake komai daga farko. Bayan mako biyu a maimaita.

A manyan na'urorin ofis, sau da yawa wutar ba ta goge komai ba, asiri kawai ta tona. Ko dai ba a adana saitin ba tun farko, ko kuma yana nan daram a ciki amma an umarci na'urar ta tsallake shi. Akwai kuma lalacewa ta gaske, wadda wutar ke da hannu a ciki. Alamar kowanne daban, maganinsa ma daban, kuma wanda ya kasa bambance su zai iya goge saitin da hannunsa yana tsammanin gyara yake yi.

Mece ce rauta, mene ne saiti?

Rauta ita ce na'urar da ke tsaye a mararraba tsakanin cibiyoyin sadarwa biyu ko fiye, misali tsakanin kwamfutocin ofis da intanet, tana duba adireshin kowane ƙunshin bayani tana nuna masa hanya. 'Yar akwatin nan mai eriya da ke falon gida rauta ce, babbar na'urar Cisco ko Huawei da ke kulle a kabad ɗin banki ma rauta ce. Saiti kuwa shi ne jerin umarnin da mai ita ya ba ta: adireshin kowace ƙofa (wurin jona kebul), suna da kalmar sirrin da kamfanin intanet ya bayar, sunan Wi-Fi, wa aka yarje wa shiga, wa aka hana, wace hanya za a bi idan layin farko ya yanke. A rautar gida abubuwan ba su da yawa. A ma'aikata mai rassa kuwa yakan kai layuka ɗaruruwa, aikin shekaru ne da ya bi ta hannaye daban-daban.

Allo da kundi

A makarantar allo, ɗalibi yana biya abin da ke kan allonsa ne, amma allo wanke shi ake yi. Abin da ba ya gushewa yana cikin kundin malam, daga can ake sake rubutowa. Kusan haka tsarin yake a cikin rauta, kuma na'urorin Cisco masu amfani da manhajar IOS su suka fi fito da shi fili, shi ya sa ɗaliban sadarwa ke fara koyonsa a kansu.

Ma'adana huɗu gare su. Akwai ROM, inda ɗan ƙaramin shirin tayar da na'ura yake. Akwai filash, ma'adanar da ke riƙe bayani ko babu wuta, inda manhajar IOS kanta ke zaune. Akwai RAM, wadda ita ce allon: a nan ne saitin da na'ura ke aiki da shi a yanzu yake, wanda ake kira running-config. RAM ba ta riƙe komai sai da wuta, domin kowane ɗigon bayani a cikinta ɗan caji ne da ake ta sabuntawa ba tsayawa, ana yanke wuta ya zurare. Sai ta huɗu, NVRAM, wato kundin, inda kwafin da aka adana yake, mai suna startup-config. Ba ta da girma ko kaɗan: kilobait 32 ce a tsofaffin samfuran 2500, kimanin kilobait 255 a samfuran 1941 da 2911. Ba ta buƙatar fiye da haka, tunda rubutu ne zalla a ciki.

Idan wuta ta dawo, na'urar takan fara da binciken lafiyar sassanta, sannan ta ɗauko IOS daga filash ta ɗora a RAM, sannan ta leƙa NVRAM. In ta samu startup-config, sai ta kwafo shi layi bayan layi ya zama running-config. In ba ta samu ba, sai ta tambayi wanda ke gabanta ko yana so a fara saiti daga farko. Ke nan abin da na'urar ke yi kafin ɗauke wuta ba shi ne abin dubawa ba. Abin da ke cikin kundin shi kaɗai zai dawo.

Dalili na farko: an rubuta a allo, ba a kai kundi ba

A IOS, duk umarnin da aka buga yana fara aiki nan take, amma a RAM kawai. Sai an buga copy running-config startup-config, ko tsohon umarnin write memory da 'yan sana'a ke gajartawa zuwa wr, sannan ya shiga NVRAM. A yawancin na'urorin Huawei masu manhajar VRP umarnin shi ne save. A EdgeRouter na Ubiquiti matakai biyu ne: commit ya sa canjin ya fara aiki, save ya adana shi, kuma mutane da dama kan tsaya a na farkon.

Abin da ya sa wannan kuskure ke da wuyar ganewa shi ne ba ya nuna kansa a ranar da aka yi shi. Injiniya ya zo ya canja adireshi saboda an koma wani kamfanin intanet, ya gwada, komai na tafiya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Na'urar na kan inbata, ta yi wata uku ba ta mutu ba. Ran da aka daɗe ba wuta har batir ya ƙare, sai ta tashi da saitin wata uku baya, tana neman kamfanin da aka riga aka bari. Babu wanda zai danganta wannan da aikin da aka manta an yi.

Alamarsa a sarari take ga mai lura: na'urar ba fanko ta tashi ba, tsohuwa ta tashi. Sunanta na nan, tsohuwar kalmar sirri na aiki, canje-canjen baya-bayan nan ne kawai babu. In aka buga show running-config da show startup-config a ranar aiki aka ga bambanci tsakaninsu, to wannan bambancin shi ne abin da za a rasa.

Dalili na biyu: lamba guda a rajistar saiti

A nan ne gizo ke saƙa, domin a nan ne mai na'ura ke rantsuwa cewa ya adana, kuma gaskiya ya faɗa. Ya buga umarnin, na'urar ta amsa masa da OK, amma duk da haka kowane ɗauke wuta sai ta tashi fanko.

Rautocin Cisco suna da wata lamba da ake kira rajistar saiti, wadda ke gaya wa na'ura yadda za ta tashi: daga ina za ta ɗauko manhaja, da wane sauri za ta yi magana da kwamfutar da aka jona mata kai tsaye, da kuma ko ta karanta NVRAM ko ta yi biris da ita. Lambar da aka saba ita ce 0x2102. Idan aka mayar da ita 0x2142, abu ɗaya tak ya canja: an ce wa na'urar ta tashi ba tare da ta buɗe kundin ba.

Ba ɓarna ba ce, da gangan aka yi ta. Hanya ce ta shiga na'urar da aka manta kalmar sirrinta. Tunda kalmar sirrin tana cikin startup-config, sai injiniya ya jona kebul ɗin kwansol, wanda ke haɗa kwamfutarsa da rautar kai tsaye, ya katse tashin na'urar ya shiga ROMMON, wato ɗan shirin nan na cikin ROM, ya buga confreg 0x2142, na'urar ta tashi fanko ba ta tambayar kowa komai. Daga nan ya kwafo saitin, ya canja kalmar sirri, ya adana. Mataki na ƙarshe shi ne mayar da lambar 0x2102, kuma shi aka fi mantawa, saboda a lokacin komai ya riga ya dawo aiki.

Wannan na da alaƙa kai tsaye da kasuwarmu. Da yawa daga cikin na'urorin Cisco da ke ƙananan ofisoshi da ɗakunan koyon sadarwa na hannu ne, an yi amfani da su a wata ƙasa kafin su iso. Kafin a sayar da irinsu wani kan buɗe su ya share saitin masu su na da, kuma sau da yawa ta wannan ƙofar ake bi. Sai na'ura ta iso hannun sabon mai ita da 0x2142 a cikinta, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ganowa ba wuya. Umarnin show version yana nuna lambar a layinsa na ƙarshe. Sannan show startup-config zai nuna saitin yana nan cif, alhali running-config babu komai. Wurin hatsarin shi ne gyaran. Idan na'urar ta tashi ta yi tambayar fara sabon saiti, amsar ita ce a'a. Sannan a kwafo daga kundi zuwa allo, wato copy startup-config running-config. Wanda hannunsa ya saba da ɗaya umarnin, ya juya kalmomin biyu ya buga copy running-config startup-config a wannan lokacin, ya ɗora fankon allo a kan cikakken kundi, saitin ya tafi ke nan. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bayan an kwafo daidai, ƙofofin rautar za su kasance a rufe, domin a rufe suka tashi kuma kwafowar ba ta buɗe su, sai an bi kowacce da no shutdown. Daga nan a buga config-register 0x2102, a adana. Show version zai nuna cewa sabuwar lambar za ta fara aiki a tashi na gaba.

Suwic-suwic na Cisco, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutocin ofis da juna, suna da nasu salon wannan matsala. A samfurin Catalyst 2960, saitin fayil ne mai suna config.text a cikin filash, kuma wajen buɗe na'urar da aka manta kalmar sirrinta sunan fayil ɗin ake canjawa. In ba a mayar da sunan ba, sakamakon iri ɗaya ne.

Inda kamfanoni suka saɓa

Tambayar da mai shago zai yi ita ce: me ya hana na'urar ta riƙa adanawa da kanta, kamar yadda waya ke yi? Masu ƙera waɗannan na'urori ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba, kuma kowane ɓangare na da hujjarsa.

Masu goyon bayan tsarin Cisco suna ganin rashin adanawa kai tsaye kariya ce. Injiniya na Kano yana gyara rautar reshe a Gusau ta intanet, ya buga umarnin da ya rufe masa hanya. In canjin bai shiga kundi ba, sai ya kira mai gadi ya ce masa ya kashe ya kunna, komai ya koma yadda yake. Har ma akwai dabarar buga reload in 10 kafin a fara aiki mai hatsari, domin na'urar ta sake tashi da kanta bayan minti goma in ba a soke umarnin ba. Masu suka kuma suna cewa tsarin ya ɗora komai a kan tunawar ɗan Adam, kuma a ƙasar da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, mantuwa ba ta daɗewa ba ta yi tsada ba.

MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya wanda na'urorinsa suka yaɗu wajen masu sayar da intanet na unguwa da otal-otal saboda sauƙin kuɗi, ya ɗauki akasin haka. A manhajarsa, RouterOS, duk canjin da aka yi ya zauna ke nan, babu umarnin adanawa. Wuta ba ta cin aikin da aka yi, amma kuskure ma ya zauna, kashewa da kunnawa ba ta warware shi. Don haka suka tanadi Safe Mode, wanda ke janye canje-canjen in layin injiniya ya yanke ba shiri. Shi ma sai an tuna an kunna shi.

Kamfanin Juniper ya bi ta tsakiya. A manhajarsa, Junos, ana rubuta canje-canje a gefe, ba sa aiki sai an buga commit, kuma commit ɗin shi ne fara aiki, shi ne adanawa. Akwai commit confirmed, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan minti goma in ba a tabbatar ba, sannan na'urar na riƙe da tsofaffin saituka har 49 da za a iya komawa gare su. Ta fuskar saiti, wannan ya toshe ramukan biyu. Rauninsa a wani wurin yake: an gina Junos a kan FreeBSD, wata manhajar gudanar da kwamfuta, kuma kamar kwamfuta, yana son a kashe shi bisa ƙa'ida. Yanke masa wuta ba zato na iya lalata tsarin fayilolinsa, shi ya sa wasu samfuran ke da ɓangaren ajiya na biyu da suke tashi daga gare shi in na farko ya lalace.

Babu tsarin da ya tsira daga mantuwa. Bambancin shi ne abin da ake mantawa, kuma injiniyan da ya saba da ɗaya ya koma ɗaya shi ya fi faɗawa ramin.

Lokacin da wutar ce da laifi

A ƙananan rautocin gida, inda danna maɓallin Save ke kai saiti filash kai tsaye, dalilan biyu na sama ba su cika shiga ba. A nan lalacewa ta gaske ta fi yawa.

Filash ba a rubutu a kansa sai an fara share wani yanki gaba ɗaya. In wuta ta yanke tsakanin sharewa da rubutawa, abin da ya rage rabi ne. Da na'urar ta tashi ta auna saitin ta ga lissafinsa bai cika ba, sai ta watsar da shi ta koma saitin kamfani. Tazarar 'yar ƙarama ce, amma yanayinmu na ƙara yawan damar faɗawa cikinta. Ba ɗauke wuta sau ɗaya ba ne matsalar, a'a, kawowa da ɗaukewa sau uku cikin minti guda, ko juya layi daga wutar gari zuwa janareto da dawowa, a daidai lokacin da na'urar ke tsakiyar tashi. Mafi muni shi ne wuta ta yanke ana sabunta manhajar na'urar, domin a nan ba saiti kaɗai ba, na'urar kanta na iya ƙin tashi.

Wuta mara ƙarfi ma na da nata. Adaftar da ta tsufa, ko wadda aka maye gurbinta da wata da ƙarfinta bai kai abin da aka rubuta a bayan na'urar ba, tana sa rauta ta riƙa mutuwa tana tashi ita kaɗai. Kafin a yanke wa rauta hukunci, gwada ta da wata adafta mai daidai ƙarfi shi ne gwaji mafi arha. Haka nan maɓallin mayar da saitin kamfani da ke cikin ɗan rami a baya: in ya maƙale, ko wani ya danne shi na 'yan daƙiƙu da sunan gyara, komai ya tafi, kuma wuta ce za ta sha zargi.

Wasu tsofaffin manyan na'urori kuma NVRAM ɗinsu batir ne ke riƙe da ita, in ya mutu bayan shekaru, kundin ya zama allo. Akwai ma matsalar da ta fito daga masana'anta. A watan Fabrairun 2014, Cisco ya sanar da ware dala miliyan 655 saboda wasu sassan ma'adana da aka sa a na'urori da dama tsakanin 2005 da 2010, waɗanda ke lalacewa a hankali, kuma lalacewar ba ta bayyana sai an kashe na'urar an kunna. Na'urorin wancan zamanin har yanzu suna yawo a kasuwar kayan hannu.

Abin da ke ɓacewa ko da an adana

Wasu abubuwan ba sa cikin saiti tun asali. Rahoton abin da ya faru a na'ura, in ba a tura shi wata saba ba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, a RAM yake, don haka shaidar abin da ya faru kafin mutuwar takan tafi tare da wutar. Agogo ma haka: ƙananan na'urori da yawa ba su da batirin agogo, tsofaffin nau'o'in RouterOS kan tashi da kwanan watan Janairun 1970. Har sai na'ura ta samo lokaci daga intanet, duk dokar da ta dogara da awa da kuma haɗin VPN (haɗin sirri ta cikin intanet) mai amfani da takardar shaida na iya rikicewa. A suwic-suwic na Catalyst, jerin VLAN, wato rukunonin da ake raba kwamfutoci don kada su ga juna, yana cikin wani fayil daban mai suna vlan.dat, wanda ya kwafi saiti ya bar shi bai kwafi komai duka ba.

Akwai kuma wani tarko a ƙananan MikroTik masu filash na megabait 16. Duk fayil ɗin da aka ajiye a wajen jakar da ake kira flash, a RAM yake. Mutum ya yi kwafin ajiya, ya gan shi a jerin fayiloli, hankalinsa ya kwanta, ashe kwafin ma a allo yake.

Batir ko kwafi?

Masu ƙaramin jari kan tambayi wanne za su fara saye ko yi. Masu cewa batir suna da lissafi mai kyau. Adaftar rautar gida mai bolt 12 da amfiya 1 ba ta wuce wat 12 ba. Batirin UPS (na'urar da ke ci gaba da ba da wuta in an ɗauke) na yau da kullum mai bolt 12 da 7Ah yana ɗauke da wat-awa 84 a takarda, wato kimanin awa takwas ga na'urar da ke jan wat 10, kodayake a zahiri bai kai haka ba, musamman in sai an juya wutar batir zuwa ta soket sannan adafta ta sake juyo ta. Shi ya sa ƙananan UPS masu ba rauta bolt 12 kai tsaye suka fi dacewa da wannan aiki. Babbar fa'idarsu ba tsawon awannin ba ne, cike giɓin juya layi ne, wanda shi ke jawo lalacewar filash.

Masu cewa kwafi kuma suna nuna cewa batir jinkirta matsala yake yi, har ma yakan ɓoye ta, kamar yadda misalin wata ukun nan ya nuna. A duhun Oktoban 2024, babu wani ƙaramin UPS da zai kai kwana tara. Batir kuma ba ya maganin tsawa, ko sata, ko kuskuren hannu. Kwafin da ke wajen na'ura kuwa yana maganinsu duka, kuma kusan kyauta ne: a Cisco ana iya tura saitin zuwa kwamfuta ta TFTP ko SCP, ko a kwafe rubutun a ajiye. A MikroTik akwai backup, wanda aka yi domin mayarwa a kan na'urar da aka ɗauke shi, da export, wanda rubutu ne da za a iya karantawa a gyara a ɗora wa wata. Rautocin gida ma yawanci suna da wurin sauke fayil ɗin saiti. Manyan ma'aikatu kan yi amfani da manhajoji irin su RANCID da Oxidized su riƙa tattara kwafi da kansu.

Kowanne na rufe ƙofar da ɗayan ya bari a buɗe, amma in dole sai an zaɓi na farawa, kwafin ne ba ya jiran a tara kuɗi. Sai dai a kula da inda ake ajiye shi, domin yana ɗauke da kalmomin sirri, kuma nau'in ɓoyewar Cisco da ake kira type 7 ana warware shi cikin daƙiƙa. Tura shi a zauren WhatsApp na ofis daidai yake da rataye mukullin shago a bakin ƙofa.

Yadda abin ke shafar talaka

Mai rautar gida mai layin SIM shi ya fi samun sauƙi. Ko ta koma saitin kamfani, yawanci takan gane layin da kanta, sunan Wi-Fi da kalmar sirri ne kawai ke komawa waɗanda ke jikin takardar da aka manna mata. Wanda layinsa ke buƙatar suna da kalmar sirri daga kamfanin intanet kuwa, in bai rubuta su ba, zai zauna jiran ma'aikacinsu.

A wurin kasuwanci asarar ta fi haka. Cibiyar jarrabawa da kwamfutocinta suka daina ganin saba da safiyar jarrabawa, ɗalibai ne ke tsaye a rana. Asibitin da rajistar marasa lafiyarsa ke kan kwamfuta, layi ne ke tsawo. Akwai kuma ɓangaren da ba a gani, wato tsaro. Rautar Cisco da ta tashi fanko ƙofofinta a rufe suke, aiki ya tsaya cak, kowa ya sani. Suwic da ya tashi fanko kuwa aiki yake ci gaba da yi, sai dai ya zuba kowa a VLAN ɗaya: kwamfutar akanta da Wi-Fi ɗin baƙi sun zama 'yan ɗaki guda, kuma ba wanda zai yi ƙorafi tunda intanet na tafiya. Ƙananan rautoci da yawa, musamman tsofaffi, suna komawa sunan shiga da kalmar sirrin da kowa ya sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan akwai batun wa ke riƙe da saitin. A wurare da dama injiniyan da ya kafa cibiyar shi kaɗai ya san kalmar sirri, shi kaɗai ke da kwafi in ma akwai. In ya bar gari ko aka ɓata, mai wurin ba shi da zaɓi sai a buɗe na'urar ta ƙofar 0x2142, ko a share a fara daga farko. Haƙƙin mai wuri ne ya karɓi kwafin saiti da kalmomin sirri a duk lokacin da aka kammala aiki, kamar yadda mai gida ke karɓar mukullansa daga kafinta.

Gwajin da ake yi kafin injiniya ya tafi

Hanya ɗaya ce ke tabbatar da cewa saiti zai dawo: a sake tayar da na'urar da gangan, a lokacin da ba kowa ke aiki ba, bayan an fitar da kwafi, injiniya kuma yana tsaye. Ga Cisco, kafin nan a duba layin ƙarshe na show version a ga 0x2102, a gwama running-config da startup-config. Ga Juniper, a yi amfani da umarnin sake tashi maimakon fizge wayar wuta. Ga rautar gida, a cire adafta, a ƙirga daƙiƙa talatin, a mayar. In ta dawo da sunanta, da adireshinta, da intanet, kuma kwamfutar baƙo har yanzu ba ta iya ganin ta akanta, sai a rubuta kwanan wata a jikin fayil ɗin kwafin, a sallami injiniya.